Dabo da Ƙwarin Tafkinsa

Na fara ganin Dabo ranar Litinin, 14 ga Oktoba 2002, a ofishinmu na gona a Daura, inda nake akawu. Ya shigo da kwalba cike da ruwa, ya ƙi zama.

"Malam Maliki, rubuta mini ƙara. Ana kashe mini abinci."

Masunci ne ɗan shekara hamsin, mai renon 'ya'yan tarwaɗa a kwatarni uku a bakin wani tafki kan hanyar Mashi. A kwanakinsu na farko ba sa cin komai sai wasu ƙwarin ruwa ƙanana kamar garin barkono. Kowace safiya yakan tace ruwan tafkin da farin ƙyalle, ya juye musu abin da ya maƙale.

A makon da ya gabata wani kamfani mai binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sauka a bakin tafkin. Suna sako ƙaton ƙarfe daga kan mota, ƙasa ta girgiza, ruwa ya yi rawa. Dabo ya ce tun ranar ƙwarin suke mutuwa.

Na ɗaga kwalbar, ban ga komai ba. Na ce ya riƙa kawo ƙyallen muna ƙirgawa. Talata, masu motsi 60 a tacewa ɗaya. Laraba 22. Alhamis 9. Ya je kotun shari'a, aka ce ya kawo shaidu biyu. Ya je wurin mai unguwa, ya dawo wurina, ya sake fita. Ranar Alhamis ɗin 'ya'yan tarwaɗan kwatarni ɗaya suka mutu.

Asabar na bi shi wurin shugaban ma'aikatan kamfanin da littafina.

"Baba, ƙwaro kake wa makoki?" in ji shugaban, yana dariya.

"Kai tuwo kake ci, 'ya'yan kifina shi suke ci. Kwana goma kawai nake roƙo, su isa cin dusa."

Mutumin ya karanta lissafina sau biyu. Ya ce bai tabbata ƙarfensu ne ba, amma zai koma arewacin gari tukuna. Kafin su kwashe kaya, kwatarni na biyu ya bi na farko.

Na ukun ya rayu. Da shi Dabo ya ci gaba da sana'arsa har 2009, lokacin da idonsa ya daina ganin abin da ke kan ƙyalle. Yanzu 'yarsa Hasana ke tacewa, shi kuma yana tsaye a kanta yana tambayar nawa ne.