Matar da Ba a Tauna a Gabanta

Sunan da iyayenta suka sa mata ya daɗe da ɓacewa. Daga asibiti har kasuwa har unguwa, kowa Anti Rage yake ce mata, domin kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan: rage gishiri, rage mai, rage suga. Ita ce jami'ar abinci ta babban asibitin garin, wadda likita kan tura wa mai ciwon suga ko hawan jini bayan ya gama rubuta magani, don ta faɗa masa abin da zai ci da abin da zai haƙura da shi. Mutane kan shiga ofishinta da fara'a, su fito kamar an yi musu rasuwa.

Kar a ɗauki alhakinta, ba muguwa ba ce. Tana 'yar makaranta ciwon suga ya ci ƙafar mahaifinta, daga baya ya tafi da shi gaba ɗaya, alhali ga kabewa da wake da alayyafo suna ta girma a bayan gidansu, ba mai waiwayarsu sai awaki. Tun daga nan ta ɗaura ɗamarar yaƙi da abincin gwangwani da lemon kwalba. Maganarta ɗaya ce: abin da ya tsiro kusa da kai ya fi sanin cikinka. A jakarta kullum akwai farantin roba da ta ja wa layi da fenti, rabi na ganye, kwata na hatsi, kwata na wake ko kifi. Bayan kicin ɗin asibiti kuma, inda ake jibge karyayyun gadaje, ta yi lambu, ta shuka alayyafo a cikin fasassun kwanonin wanke hannu.

Sannan Allah ya ba ta hanci. Tana tsayawa a ƙofar ɗakin majinyata sai ta ɗan ɗaga kai ta ce, "Gadon ƙarshe, a ɗaga filo." Ana ɗagawa sai ga soyayyen nama. Akwai wani bawan Allah mai karaya da ya cusa cinyar kaza cikin filastar ƙafarsa da ya ji takunta, cinyar ta ƙi fita, sai da aka kira mai yanka filasta da zartonsa.

Aiki ya yi kyau, wannan ba gardama. Tsofaffin da aka fid da rai da su sun miƙe, yaran da ƙafafunsu suka yi kamar tsinke sun yi kumatu. Amma a hankali wani abu ya same ta wanda ba a koya mata a makaranta ba: mutane suka daina tauna a gabanta. Nas kan haɗiye abu da zafinsa in ta shigo, hawaye na zuba tana cewa ina kwana. Mai suya na bakin ƙofar asibiti kan rufe kasko ya ɗauki jarida, ko da a juye. In ta je biki, sai a zaunar da ita ita kaɗai a teburi mai kyau da farantin kokwamba, sauran jama'a su yi ta zamewa bayan gida ɗaya bayan ɗaya, wai za su amsa waya. Waɗanda ta ceto suna yi mata godiya har ƙasa, amma hannu ɗaya na bayansu. Har akuyar maƙwabta, in tana tuƙa ta hango ta, sai ta tsayar da baki ta kalli bango.

Da farko abin dariya yake ba ta. Da shekaru suka ja sai ya fara yi mata ciwo, ko da yake ba ta faɗa wa kowa ba. Abincin rana a ofis take ci ita kaɗai, tana kallon lambunta ta taga.

A gida kuwa tana ganin ta tsira. Mijinta direban motar asibiti ne, mutum mai barkwanci, wanda tun suna saurayi da budurwa yake kiranta Likita don tsokana. Shi bai taɓa kushe girkinta ba. In ta ajiye masa faranti, sai ya ɗebi cokali, ya kai kusa da baki, ya lumshe ido ya ce, "Kai, Likita, hannunki dabam ne." Daga nan sai ya dafe kai ya ce ya tuna wani abu a jikin motar nan, bari ya duba, ya tashi da farantin a hannu.

Motar nan wata tsohuwa ce da ke tsakar gida bisa duwatsu, ba taya ko ɗaya, an rataya mata labule a tagogi wai don kar rana ta ci kujeru. Tun yara suna rarrafe yake gyaranta. Yaran suka girma, suka yi aure, suka watse, mota tana nan ana gyara. Yakan fito yana share baki, hannu duk maiƙo, ya miƙo faranti fes. Hancin da ya addabi asibiti guda, a nan bai taɓa jin komai ba sai fetur da baƙin mai, domin maigidan kan yayyafa su kewaye da motar kamar mai ban ruwa.

Bayan sun yi ritaya ne ciwo ya kwantar da shi, aka yi masa aiki a ciki. Aiki ya yi kyau, aka sallame shi, sai dai ya dawo gida ya daina cin abinci. Mutum ya yi ta zubewa, wandonsa ya koma kamar na aro. Likitan da ya yi aikin ya duba shi ya ce, ba wasa, in bai fara ci ba za a mayar da shi gado a zura masa roba ta hanci, kuma a shekarunsa ba kowa ke tashi daga wannan gadon ba.

Hankalin Anti Rage ya tashi. Matar da ta ƙare rayuwarta tana cewa a rage, yau ga ta da cokali a hannu tana roƙon a ƙara. Ta dafa wake har ya narke, ta sa kabewa da kifi da ganye ɗanye shar daga tukwanen bayan ɗakinta. Ta zauna a bakin gado.

"Baban yara, daure ka buɗe baki. Cokali ɗaya."

Ya buɗe. Ya kalle ta. Ya mayar da bakin ya rufe ruf.

"Wallahi Likita yunwa nake ji," in ji shi. "Amma in kina kallona sai in ji kamar jarrabawa nake rubutawa."

Ta juya masa baya. Ya ce yana jin kunnuwanta. Ta fita ta ja ƙofa. Da ta dawo ta tarar da abinci yadda ta bar shi, ya ce ɗakin nan duk idonta ne, har labule.

Ana cikin haka ƙanwarsa ta zo dubiya, mace mai baki, wadda tsakaninta da Anti Rage kullum sai tsokana. Ta ji labari a kicin, maimakon ta jajanta sai ta riƙe ciki tana dariya.

"Matar Yaya, ashe da gaske ke kaɗai ce ba ki sani ba? Yaya ai ba ya iya ci sai a mota."

"Wace mota? Wadda yake gyarawa?"

"Gyara! Je ki ɗaga bonet ki ga gyara."

Ta je ta ɗaga. Babu inji. Inda ya kamata inji ya zauna, risho ne da ɗan kasko da kwalbar mai da gwangwanin gishiri, an jera su tsaf. Ta buɗe ƙofar direba. Kujerar ta lotsa daidai jikin mutum ɗaya, a aljihun gaba ga cokula, madubin gefe kuma an karkata shi yana kallon ƙofar kicin ɗinta. Kujerar gefen direba kuwa tana nan cikin leda, ba wanda ya taɓa zama a kai.

"Girkinki yake ci fa, kar ki ce ban faɗa miki ba," in ji ƙanwar daga bayanta. "Gishiri kawai yake ɗan barbaɗawa, wani lokaci ya soya ƙwai. Tsoro yake kar ki ga hannunsa ya nufi gwangwani ranki ya ɓaci."

Ta yi zaton fushi za ta yi, sai ta ji baƙin ciki ne ya danne ta. Ta ciyar da gari guda, amma mijinta ya tsufa yana cin abinci shi kaɗai a mota marar taya, taku kaɗan daga inda ita ma take ci ita kaɗai. Ta mayar da bonet a hankali, ba ta taɓa komai ba.

Washegari ta sake dafa waken nan da kabewa. Wannan karon ba ta ɗauko farantin layi ba. Ta samo wani lanƙwasasshen kwano, ta zuba, ta naɗe shi da jarida, ta ƙulle a baƙar leda irin ta masu sayar da abinci a bakin titi, ta tura ƙarƙashin kujerar direba. Sannan ta tsaya a ƙofar ɗakinsa, ta yi kicin-kicin da fuska irin ta asibiti.

"Baban yara, kasuwa za ni, kuma zan daɗe. Na hana ka zuwa wajen motar nan. Ƙanwarka ta bar wani ƙulli a ciki, ban san ko mene ne ba, kuma ban yarda da shi ba. In na dawo zan zubar."

Ta buga ƙofar gida da ƙarfi, ta tuɓe takalmi, ta lallaɓo ta koma bayan tankin ruwa ta tsuguna. Mace mai jikoki, wadda manyan likitoci ke miƙe wa tsaye, ga ta tana fasa-ƙwaurin ganye a cikin gidanta.

Shiru, shiru. Har ƙafarta ta fara sanyi. Can sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Ya fito yana dafa bango, ya duba hagu, ya duba dama kamar mai tsallaka titi, ya ja jiki har mota. Ƙofa ta rufe. Leda ta yi ƙara. Sai kuma cokali ya fara taɓa kwano.

Ta toshe baki da gefen mayafinta ta yi kuka sosai, ba sauti.

Haka suka ci gaba. Kullum sai ta hana, ta buga ƙofa, ta koma bayan tanki. Maƙwabta suka fara mamakin wannan kasuwa da ake zuwa ba a fita. Wando ya fara zama a ƙugu, sanda ta koma bayan ƙofa, likita ya duba ya ce a manta da maganar roba. Ta yi murna, amma murnar da sauranta, domin har yanzu ƙarar cokali kawai take ji, ba ta ga bakinsa yana motsi ba.

Ran nan tana tsugune a wurinta sai ta ji gilashin mota ya sauka yana ƙara.

"Baiwar Allah. Ke ta bayan tanki."

Ta ƙara maƙalewa a jikin tankin.

"Ina ganin gefen zanenki a madubi tun ranar farko. Taso, yi sauri."

Ta taso tana karkaɗe jiki, kunya kamar ta nutse. Ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gefe, ya kama ledar kujerar ya yage ta. Ta shiga ta zauna a ɗarare. Ya zaro cokali daga aljihun gaba, ya goge da rigarsa, ya ba ta, ya ajiye kwanon tsakaninsu.

"Ci maza," ya ce da raɗa, "kafin matar gidan nan ta dawo daga kasuwa. Ba ta da wasa."

"Ashe ka san ni ke dafawa?"

"Haba Likita. Duk garin nan wane mai sayar da abinci ne zai yanka kabewa daidai wa daida haka, sannan ya manta da gishiri?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan ƙullin takarda. Ya tsaya, ya kalle ta ido cikin ido. Sannan ya ɗebi gishiri da yatsa biyu ya barbaɗa a gefensa na kwanon.

Kalmar nan ta taso mata har bakin leɓe, ta ji ta sarai. Ta cika cokali da wake ta danne ta.

Shi ma ya kai nasa baki, ya tauna, ya sake taunawa, tana kallonsa, bai daina ba. Ta miƙa hannu ta ja labulen gefenta, kar matar gidan ta gan su.