Ƙwan Kawu Isiyaku da Tabaraka

Duk wanda ya taɓa karya kumallo a gidan Kawu Isiyaku a unguwar Harra ta Yamma, can ƙasa mai tsarki, ya san ƙa'idar: ƙwai biyu, birishti, wato dafuwar ruwa-ruwa, farin ya kama, gwaiduwar tana malala. Idan ta daskare, a wurinsa kaza ta yi wahalar banza. Kuma ba da agogo ake aunawa ba. Ruwa na tafasa a kan risho sai ya saka ƙwan ya ja Tabaraka, inda surar ta ƙare nan ake tsamewa.

Ɗansa Usama, da ya samu aiki a Yanbu lokacin ana gina matatar mai, ya kawo masa agogo mai ƙararrawa. Kawu ya jujjuya shi, ya tambaya ko agogon ya haddace wani abu. Aka ce a'a. Ya ce to a ba maƙwabta.

Akwai ranar da wani malami Basudane ya karɓi girkin, ya yi ta jan madda yana rangaɗa ƙira'a. Ƙwai ya fito kamar dutsen Harra. Kawu ya ce, "Ya Shaikh, limanci naka ne, amma ka fita harkar tukunyata."

Ni ɗan ƙanwarsa na fi kowa shan wuya. Na zo karatu daga Kano, hadda duk ramuka, ga gaggawa, kullum nawa ɗanye yake fitowa. Sai ya fasa, ya leƙa, ya ce na tsallake aya uku. In duba Alƙur'ani, wallahi ukun ne! Shekara biyu ban ci wannan jarrabawa ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, kwana huɗu bai sa komai a bakinsa ba. Likita ya ce in bai ci ba sai asibiti, shi kuwa ya rantse ba mai fitar da shi daga ɗakinsa. Matarsa Inna Hajara ta ce in gwada ƙwan. Na tsaya kan risho ina karatu kuka yana sarƙe ni, in tsaya, in komo baya. Na san ya zarce, haka na kai masa ina jin kunya.

Ya fasa, gwaiduwa ta yi tauri. Ya cinye duka biyun, mutumin da ko a gidan surukai ba ya taɓa irinsa.

"Ƙwan dai ka ɓata shi, ɗan nan," ya ce. "Amma ina jin ka daga nan. Ko aya ɗaya ba ka bari ba."

Ya tashi daga ciwon nan, ya ƙara shekara uku yana kushe ƙwan mutane. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa Tabarakar nan da yake ja kowace safiya ta zame masa haske a kabarinsa.