Ƙofar Bayan Motar Yaya

Akwai ranaku da yawa a zaman aurena da ko an tuna mini su sai in yi ta lalube, amma ranar da ƙofar bayan motar Yaya ta ƙi rufuwa, wannan kam tana nan a raina har in koma ga Mahaliccina.

Ƙarar moɗa ce ta fara komai. Ina bakin murhu da safe ina dama kunu, sai na ji kwaram, moɗa ta faɗi a gindin randa tana gangarawa. A gidan da ke da yara wannan ba abin ɗaga kai ba ne, to amma duk sun tafi lekol karatu, sai ƙaramar ɗiyata da ke wasa a gabana. Na leƙa, sai ga Iya, mahaifiyar maigidana, ta dafa bango tana kallon hannunta na dama kamar ba nata ba. Na kira ta, ta amsa, amma maganar ta fito da nauyi.

Dama Iya ta daɗe ba lafiya. Hawan jini ne da kumburin ƙafa, kuma da yake maigidana ne auta, mu ne a gidan gado, a ƙauyenmu da ke kusa da Guci, jinyarta a hannuna take. Ban taɓa jin ƙyashin yi mata ba, Allah ne shaida, ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Amma jiki jiki ne. A lokacin nan na gaji irin gajiyar da in na zauna tahiya sai in ji kamar kada in tashi.

Majo, malamin ƙaramin asibitinmu, ya zo a kan babur, ya auna ta, ya ja maigidana gefe ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, a kai ta Magarya yau, kada a kwana. Aka yi wa Yaya waya. Yaya shi ne babban wan maigidana, ɗan farin Iya, yana aiki a Damagaram. Rana ta take tsaka ya iso cikin doguwar motarsa baƙa, wadda bai daɗe da saye ba. Ƙofar bayanta ba a ɗaga ta da hannu. Buton ake dannawa, ta yi ɗit-ɗit, ta tashi sama da kanta, a sake dannawa ta sauko a hankali ta datse. Duk zuwansa yaran unguwa sai sun taru kallon wannan abu.

Iya ba ta iya zama, don haka aka kwantar da kujerun baya, aka shimfiɗa katifa, maza suka ɗauko ta. Ta sha wuya a ɗaukar nan, har sai da hawaye suka zubo mata. Aka kwantar da ita kanta wajen gaba, ƙafafunta wajen ƙofa, na lulluɓe ta da mayafi, na ajiye mata sandarta a gefen hagu don ba ta rabuwa da ita. Ni kuwa na shiga ta ƙofar gefe na takure kusa da kanta da mafici a hannu.

Yaya ya yi bisimilla ya danna buton. Ƙofa ta sauko, ta sauko, saura kaɗan ta datse, sai ta yi ɗit-ɗit-ɗit ta koma sama.

Ya sake dannawa. Haka. Ya danna na jikin makulli, haka. Ya zagaya ya danna wanda ke kusa da sitiyari, ta sauko kamar da gaske, ta koma.

“Ikon Allah,” in ji Yaya. “Da safen nan fa na rufe ta lafiya lau.”

Maigidana ya sa hannu zai danne ta da ƙarfi, Yaya ya daka masa tsawa. “Kai, kada ka yi! Wanda ya sayar mini ya ce in aka tilasta ta injin cikinta ne zai karye. In ya karye a nan, wa zai gyara, kai?”

Daga nan aka shiga gwaje-gwaje. Aka kashe mota aka tayar. Aka ce yashi ne ya shiga bakin makullin, aka kawo tsumma da tsinken tsintsiya aka ƙwaƙule, aka ɗiga mai. Aka goge robar da ta zagaye bakin ƙofar. Aka aika a kira mai gyaran babur na bakin kasuwa, ya zo da ƴan ƙarafansa a buhu, ya buɗe wani ƙaramin akwati a ƙarƙashin sitiyari yana zaro fizibil, wato ƴan fis ɗin wutar motar, ɗaya-ɗaya yana ɗagawa ga rana.

“Duk lafiyarsu lau, Alhaji,” ya ce. “Ni fa da babur ne da tuni kun yi nisa.”

Wani dattijo maƙwabcinmu, abokin wasan su Yaya ne, yana zaune a inuwar itacen bedi yana kallo. Ya ce, “Alhaji, ko dai ba ta jin Hausa ne? Yi mata da Faransanci mana. Ni jakina in ya ƙi tafiya na san abin da nake yi masa.”

Aka ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Bazara ce, ƙarfen motar in ka taɓa sai ka janye hannu. Na yi ta yi wa Iya fifita har kafaɗata ta mutu, in sauya hannu, in jiƙa tsumma in ɗora mata a goshi. Aka kira azahar, maza suka je suka dawo, ni ma na fita na yi tawa a gurguje. Ƙofa tana nan a sama ta hangame baki. Fitar da Iya kuwa ba wanda ya so, saboda wahalar da ta sha wajen shigarwa. Ga hanyarmu yashi ce, ba a son duhu ya riski mutum a cikinta da marar lafiya.

Yaya ya hau kan amalanke yana neman rezon waya, da ƙyar ya samu makanikinsa na Damagaram. Muna jin shi yana ɗaga murya. Da ya sauko ya ce, “Wai an yi ta ne haka, in ta ji ta taɓa wani abu sai ta koma, don kada ta datse hannun yaro. Wai mu duba ko wani abu ya tokare.” Aka janye buta, aka tura kwandon kwanuka ciki, aka naɗe bakin katifa. Aka danna. Ta koma sama. “To wai in ba haka ba, a cire kan batir a bar ta ta huce, ta manta, a mayar.”

Ya kamata in faɗi wani abu a nan. Duk wannan dubawa da ake yi, ba namijin da ya tsaya ya ƙura wa inda Iya take kwance ido. Uwa ce a kwance, kowa na kawar da kai. Balle Yaya. Tun da na zo gidan ban taɓa jin Iya ta kama sunansa ba, ko ta yi masa magana kai tsaye, saboda kunyar ɗan fari. Sai dai ta ce, “A ce wa mutumin Damagaram ya sha ruwa,” alhali yana zaune a gabanta. Shi ma in yana gaishe ta ƙasa yake kallo.

Kafin a cire batir ɗin Yaya ya ce bari ya gwada sau ɗaya. A daidai lokacin na sunkuya zan gyara mata mayafi, sai na ga hannunta na hagu yana motsi a ƙarƙashinsa. Ƙofa na saukowa, ta tura sandarta a hankali, bakin sandar ya leƙa can kusurwa, inda ba mai kallo. Ƙofa ta taɓa, ta yi kukanta, ta koma. Iya ta janye sandar.

Na ɗaga kai, muka haɗa ido. Ba ta kawar da nata ba.

Na kai bakina kunnenta. “Iya, ba kya son tafiyar ne?”

Ta girgiza kai. Ta yi ta kokawa da harshenta, ni kuma na kasa kunne. “Zan je,” ta ce. “Amma ba... ba tare da kayana ba.”

“Na ɗauko, Iya. Zannuwanki, da carbi, da maganinki.”

“Ƴar nan,” ta ce, “na ƙasan akwati.”

Sai na gane. Shekarar da Yaya ya biya mata Makka ta dawo da farin yadi da ta tsoma a ruwan zamzam, ta ajiye shi a ƙasan akwatinta na ƙarfe. Likkafaninta ne. Ni kaɗai ta taɓa nuna wa inda ta ajiye shi, wata rana da muke shanya kaya.

Na ce, “Haba Iya, ai lafiya za ki samu ki dawo.”

Ta rufe ido kamar na ƙara mata gajiya. “Abin da za su ce ke nan. Shi ya sa.”

Ta san ƴaƴanta. Da ta furta a gabansu, da maigidana ya fashe da kuka, Yaya ya ce a daina mugun fata, a danna buton a tafi. Shi kuma mai motar ba ta iya ce masa tsaya. Bakinta ya yi nauyi, ƙafa ba ta takawa, hannu ɗaya ya rage mata da sanda.

A waje na ji Yaya yana cewa haƙurinsa ya ƙare, in an mayar da batir ba ta rufu ba, su taru su danne ta, abin da zai karye ya karye. Na dubi siririn hannun nan da ke riƙe da sanda. Na ce a raina, in maza uku suka danno ƙofar nan fa?

Na fita na ce na yi mantuwa. A ɗakinta na durƙusa gaban akwatin. Wata zuciya ta ce mini, ke yanzu da hannunki za ki ɗaukar mata wannan, kamar kin sallama ta? Na zauna jim ina kuka. Sannan na tuna yadi ba ya kiran ajali, ba ya kuma korar shi, kwana na hannun Allah. Abin da ke hannuna shi ne ta tafi da kwanciyar rai ko ta tafi da fargaba. Na zare matashi daga rigarsa, na cusa yadin a ciki, na fito.

“Matashi kuma?” in ji maigidana. “Ba ga wani can ba?”

“Wannan ya fi laushi,” na ce.

Na ɗaga kanta na sa mata. Na kama hannunta na zura cikin rigar matashin, ta shafa, ta shafa. Sai ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, ta tura mini sandar da kanta. Na ɗora ta a cinyata.

Mai gyaran babur ya ɗaure kan batir. Yaya ya danna. Ƙofa ta sauko a hankali, ta datse, ƙyat. Aka ɗauki kabbara a ƙofar gida. Mai gyara ya ce dama shi ya san batir ne, dattijon nan ya ce a'a, Faransancin ne ta ji ta waya. Ni dai na ci gaba da yi wa Iya fifita.

Mun isa Magarya kafin rana ta faɗi. Aka ɗaura mata ruwa, aka yi iyakar abin da za a yi. Ƴan kwanakin da ta yi a can ba ta yi gardamar magani ba ko sau ɗaya, kuma ba ta yarda a sauya mata matashi ba. Wata safiya, bayan na ba ta ruwa, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Saboda zafi da nisan hanya aka yanke a yi mata sutura a can. Na ji Yaya yana cewa a je kasuwa a yanko yadi. Na ɗauki matashin na kai masa, na zaro abin da ke ciki. Ya gane shi, don shi ya riƙe mata jakar ranar da ta sauka daga Makka.

“Yaushe wannan ya zo nan?” ya ce.

“Ranar da ƙofa ta ƙi rufuwa, Yaya.” Na faɗa masa komai.

Babban mutum, ya zauna a ƙasa a barandar asibiti ya rungume yadin. Da ƙyar ya ce, “Muka yi ta tambayar mota abin da ke damunta.”

Tun daga ranar na koyi cewa marar lafiya ba kaya ba ne da za a ɗauka a shimfiɗa a rufe, komai ƙaunar da ta sa aka ɗauke shi. Muna gaggawar ceton jikinsa, shi kuwa wataƙila akwai abin da ya fi jikin damunsa, kunya ko nauyin baki ya hana shi faɗa. Yanzu duk inda na je dubiya, kafin in ce Allah ya ƙara sauƙi, sai na matsa kusa na ce, me kike so a yi miki?

Ranar addu'ar bakwai na ba matan gida labarin nan muna ta share hawaye, ban lura ƙaramar ɗiyata tana jingine a bayana tana ji ba. Da mutane suka watse ta zo ta hau cinyata, ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, “Mama, ke in kin tsufa ba sai kin sa sanda ba. Ni zan riƙa tambayar ki.”