Miyar Ganyen Teku a Jegona na Doha

Tun ranar da Baban Ummi ya bugo waya ya ce takardata ta zuwa Doha ta fito amma ta Inna ba ta fito ba, hankalina bai sake kwanciya ba. Cikina wata biyar. Haihuwar Ummi a ɗakin Inna na yi ta, kwana arba'in tana dafa mini ruwan wanka tana dama kunun kanwa. To a can wa zai yi mini? Na ga yadda ɗanyen jego ya kumbura wata maƙwabciyarmu.

Zariya zuwa Doha

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar Tudun Wada, ni da Ummi. A wani shinge kafin Kano ɗan sanda ya leƙo ya taɓa ƙullina.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Gero ne da kanwa."

"Can ɗin ba su da abinci ne?"

A filin jirgi aka ce kayana sun yi nauyi. Ina ji ina gani geron da kanwar suka koma Zariya a motar da ta kawo mu. Washegari da hantsi muka sauka Doha, zafi ya buge ni kamar an buɗe tukunya a fuskata.

Muntaza

Gidanmu a hawa na uku yake a unguwar Muntaza. Mako biyu da zuwana Baban Ummi ya sa ni ajin koyon Turanci na mata, tafiyar minti goma a ƙafa. Ni da ban wuce aji shida ba. Mu goma sha biyu ne, bakwai 'yan Koriya, mazajensu suna aikin gas kamar nawa.

Ranar farko 'yar Koriyar da ke kusa da ni ta tambaye ni shekaruna tun kafin ta tambayi sunana. Da yatsu na nuna ashirin da huɗu. Ta nuna arba'in da ɗaya, ta bugi ƙirjinta ta ce, "Onni." Wato yaya. Daga ranar haka nake kiranta.

Abin mamakinsu ba ya ƙarewa. Da almakashi suke yanka nama a kan tebur. Kabeji ake bari ya yi tsami da barkono, suna ci suna lumshe ido. Ko biro za su miƙo maka, sai da hannu biyu.

Wata rana Onni ta nuna cikina, da guntun Turancinmu ta ce, "Mama za ta zo?" Na girgiza kai. Ta daɗe tana kallona.

Daga Wakra

Na haifi namiji lafiya. Kwana uku da dawowata daga asibiti, ƙarfe tara na safe, aka ƙwanƙwasa. Onni ce, ta tuƙo mota tun daga gidanta a garin Wakra, rabin awa, rungume da tukunya. Ko zama ba ta yi ba ta kashe na'urar sanyi, a zafin Doha. Ta fizge kofin ruwan sanyi daga hannuna, ta durƙusa ta zura mini safa.

Da ta buɗe tukunyar na ja da baya. Wani ganye ne baƙi-baƙi mai santsi, yana ƙarnin teku. Na nuna naman da ke cikin miyar, ko na halal ne. Ta fito da ledarsa mai tambarin halal, ta juya tukunyar ta nuna mini takardar kanti a jiki. Sabuwa ta sayo saboda ni.

Baban Ummi ya ce, "Ke da kike shan karkashi?"

"Karkashi ba a teku yake tsirowa ba."

Na sha ina runtse ido. Miyar masu jego ce a wajensu, sau uku a rana, in ji Onni, har kwana ashirin da ɗaya.

Rigima a kan wanka ta tashi. Na ɗauki bokiti, Onni ta tare ƙofar bayi da hannu biyu. A wajensu mai ɗanyen jego ba ta taɓa ruwa. Na fashe da kuka, na kira Inna ta bidiyo.

"Ruwan sanyi fa?" in ji Inna.

"Ta hana."

"Iska?"

"Ta kashe, har safa ta sa mini."

"To wannan ta san jego. Ba ni ita."

Inna ta ɗauko butar shayi tana tururi, ta kwatanta zubawa a baya. Onni ta kalla, ta rusuna wa wayar, ta shiga kicin. Ita ta dafa ruwan, ta toshe ƙasan ƙofa da tawul. Kullum in an tashi daga aji sai ta biyo da miya da darasin ranar.

A mako na biyu na tambaye ta dalili. Ta miƙo wuyan hannunta. A wata ƙasa ta haihu, ita kaɗai, babu wanda ya dafa mata miyar. Shekara goma sha biyar, har yau in sanyi ya taɓa wurin sai ya yi ciwo.

Komawa gida

Yaron yana da wata huɗu muka zo hutu, da takardar gama ajin farko a jakata. Bayan la'asar muka shiga Tudun Wada. Kafin Inna ta karɓi jikanta sai da ta danna ƙaurina da babban yatsa. Wurin bai lotsa ba, babu kumburi. Ta ce, "Alhamdulillahi. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan."

Na gode wa Allah, na gode wa Onni. Roƙona gare ku, in baƙuwa ta haihu a unguwarku babu uwarta a kusa, kada ku tsaya sai kun ji yarenta. Ku ɗauki tukunya ku ƙwanƙwasa mata.