Tsoron Banɗakin Kasuwa

Goggo ce ta raine ni, ƙanwar babana, a wani gidan haya a unguwar Kpakungu, cikin Minna. Mace ce mai tsabtar da har takura mutum take yi. Tun ban san mene ne haila ba na san mene ne sanyi. A bakin Goggo, duk ciwon da ya kama mace daga cibiya zuwa ƙasa sunansa sanyi: ƙaiƙayi, zafin fitsari, ciwon mara, har rashin haihuwa. Kuma a wurinta waje ɗaya ake ɗauko shi, wato banɗakin da kowa da kowa ke shiga. Ta ce tururin da ke tasowa daga masai shi ke shiga jikin mace ya zauna.

"Ko cikinki zai fashe, 'yar nan, ki riƙe sai kin dawo gida," haka take ce mini duk sanda zan fita.

Na kuwa riƙe. Na riƙe a makaranta, na riƙe a gidan biki, na riƙe a mota idan za mu Wushishi gaida dangi. Da na girma sai na gano hanya mai sauƙi: in ba ka sha ba, ba abin da zai matse ka. Ba ni kaɗai ba ce, rabin matan da na sani haka suke yi, har yabon juna muke a kai.

Bayan na yi aure maigidana ya kama mini ɗan shago a kasuwar Sauka Kahuta, ina sayar da kayan ɗinki, zare da maɓalli da zif da allurar keke. Na yi ɓari sau biyu a jere. Duka biyun Goggo ta ce sanyi ne ya ci cikin, ni kuma ban yi musu ba, don mai neman dalili duk wanda aka miƙo masa karɓa yake yi. Da na samu ciki na uku sai tsoro ya zame mini abokin zama. Ko tari na yi sai na dafa mara. Na yi wa kaina alkawari wannan ɗan ba zai tafi ba, ko da kuwa zan bushe kamar kuɓewar da aka shanya.

Banɗakin kasuwarmu yana can bayan masu nama. Ban taɓa leƙa shi ba, warinsa ma ya ishe ni labari. Sai na tsara wa kaina doka: in kurɓi shayi da safe, shi ke nan sai na dawo gida da yamma. Alwalar da na yi kafin in fito ita nake lallaɓawa har la'asar. Cikin ya shiga wata na bakwai daidai lokacin bazara, kuma wanda ya san zafin Minna a ƙarƙashin kwanon shago ya san abin da nake nufi. Leɓena ya tsattsage, harshena ya yi kauri, amma ina jin kaina jaruma.

Maƙwabciyata a kasuwa wata dattijuwar Banufiya ce mai sayar da shinkafa 'yar gida. Kullum sai ta miƙo mini ruwan leda mai sanyi.

"Amarya, kai ba ya shan ruwa ne? Mai ciki fa kake."

"Na sha a gida, Mama," nake ce mata. In ta juya sai in ba wani mai saye.

Abin ya fara ne da ɗan zafi a ƙarshen fitsari. Daga nan fitsarin ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba, ga wari. Sai in ji ya matse ni kamar zan yi a tsaye, in na tsuguna kuma ɗigo kaɗan ne, da raɗaɗin da ke sa ni cije zani. Na je wa Goggo da maganar. Ta kafe ni da ido.

"Gaya mini gaskiya. Kin shiga na kasuwa?"

"Wallahi, Goggo, ko ƙofarsa ban sani ba."

"To a wani wurin kika kwaso."

Ta dafa mini bagaruwa ta ce in riƙa zama a ciki, ta haɗa mini jiƙon kanumfari da citta. Na yi duk yadda ta ce. Ruwa kuwa na ƙara rage shi, tun da duk abin da na sha da wuta yake fitowa. Maigidana ban gaya masa ba. Ina jin kunya, kuma ina tsoron kalmar nan ta sanyi ta shiga tsakaninmu, ya fara tunanin wa ya kawo wa wa.

Wata rana da azahar, rana tana dukan kwano, sai na ji sanyi ya rufe ni. Haƙorana suka shiga haɗuwa. Na jawo wani yadi na lulluɓa, bai yi komai ba. Gefen bayana na dama ya riƙe kamar an soka mini almakashi, na sunkuya na yi amai a bakin shago. Ina cikin haka mara ta ɗaure tamau, ta saki, ta sake ɗaurewa. Na san wannan ɗaurewar. Sau biyu ta taɓa ziyartata, kuma duka biyun hannu wofi na tashi.

Sai kuma na tuna abin da ya fi duka muni. Yaron nan mai shurina duk sanda na zauna, tun safe ban ji shi ba. Na dafa cikin, na girgiza shi a hankali, na kira sunan Allah. Shiru.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Maƙwabciyata ce ta tsayar da keke napep, ta rungume ni a baya, kaina a kafaɗarta mai ƙamshin buhun shinkafa. Duk ramin da muka faɗa sai in ce shi ke nan, yanzu zan ji ɗumin jini. Ban yi addu'ar kaina ba ko sau ɗaya. Cewa kawai nake: Allah ka bar mini wannan.

A asibiti wata nas mai ƙiba, wadda ba ta da lokacin lallashi, ta ba ni 'yar kwalba ta ce in kawo fitsari. Da ƙyar na samo abin da ya rufe gindinta. Ta ɗaga ta a haske, ta dube ni.

"Yaushe rabonki da ruwa?"

Na faɗa mata. Ta tambayi dalili, na faɗa mata shi ma, har da ɗan alfahari, don ina so ta san ni ba ƙazama ba ce.

"Baiwar Allah," ta ce, "ba a banɗaki kika ɗauko wannan ba. Fitsarin da kike riƙewa ne ya zauna, ƙwayoyin cuta suka hayayyafa a ciki, ba ruwan da zai wanko su. Yanzu sun hau har ƙoda. Zazzaɓin nan shi ke neman tayar miki da naƙuda."

Aka kwantar da ni, aka ɗaura mini ƙarin ruwa, aka yi mini allurai. Ta shafa wani abu mai sanyi a cikina, ta ɗora 'yar na'urar jin bugun zuciya tana zagayawa da ita. Ba abin da ke fitowa sai shuuu. Ta koma hagu, ta gangara ƙasa. Na rufe ido don kada in ga fuskarta. Can sai ga shi, ƙaramin bugu mai sauri kamar keken ɗinki.

"Yana nan," ta ce. "Amma ya wahala. In zazzaɓin bai sauka ba zai iya fitowa, kuma lokacinsa bai yi ba."

Maigidana ya iso fuskarsa duk ta faɗa, Goggo na biye da shi da kwandon abinci. Nas ɗin ba ta rage komai ba, a gabansu ta maimaita abin da ta gaya mini. Na zaci Goggo za ta yi gardama, don ba ta saba barin magana ta faɗi ƙasa ba. Sai kawai ta zauna a bakin gado tana murza carbi, ba ta kalli kowa ba.

Ruwan da ake ɗura mini ya fara aiki, fitsari ya matse ni. Banɗakin ɗakin kuwa na kowa ne, mata masu jinya suna ta shiga da fita. Duk da abin da na ji da kunnena, ƙafata ta ƙi sauka daga gado. Abin da aka dasa maka tun kana ƙarami ba ya fita don nas ta yi magana sau ɗaya. Na matse cinyoyi, na juya fuska bango.

Goggo ta lura. Ta miƙe, ta sauke ledar ƙarin ruwan daga ƙarfe ta ɗaga ta sama da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta kama ni.

"Tashi mu je, 'yar nan."

"Goggo, na jama'a ne fa."

"Na gani. Tashi."

Ita ta kai ni har ciki, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ledar. Ranar ba zan iya ƙirga sau nawa muka yi wannan tafiyar ba. Duk dawowa sai ta cika kofi ta miƙo mini, in na ce ya isa ta ce in shanye. Washegari da hantsi, ina cikin shan wani kofin mai sanyi, na ji shuri a ƙarƙashin haƙarƙarina, mai ƙarfi, irin na mai jin haushi. Na kamo hannun Goggo na ɗora a wurin. Aka sake shurin. Ta sunkuyar da kai ta yi ta kuka ba sauti, ni ma na taya ta.

Zazzaɓin ya sauka, marar ta daina ɗaurewa. Cikin ya kai kusan lokacinsa, na haifi mace, 'yar mitsitsiya amma mai baki. Goggo ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Sai dai har ta rasu, duk sanda na je gaishe ta, kafin ta amsa gaisuwa sai ta turo mini moɗa.

Yanzu yarinyar tana aji huɗu a firamare. Kullum da safe ina cika mata gorar ruwa in sa a jaka. Kwanan baya ina wanke kwanon abincinta sai na ɗaga gorar na ji ta da nauyi. Ko buɗe ta ba a yi ba. Na kira ta na tambaya.

"Umma, 'yan ajinmu sun ce in ka shiga banɗakin makaranta sanyi zai kama ka. Shi ya sa ba ma sha sai mun dawo."

Ta faɗa ne tana murmushi, tana jira in yaba mata. Na nemi bakin rijiya na zauna. Na buɗe gorar na miƙa mata, na ce ta sha tukuna, sannan ta zo ta zauna kusa da ni, akwai labarin da zan ba ta.