Dariyar da Na Kasa Yi a Wasan Kara

Na manta abubuwa da yawa, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini, amma yammacin da na tsaya a dandalin Madarumfa riƙe da bindigar kara ba zai fita raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Lokacin ana tsakiyar yaƙin Turawa ne, ina saurayi, kuma ba yabon kai ba, kaf garinmu babu wanda ya kai ni kwaikwayo. Noma dai kada a tambaye ni, kunya biyu nake yi in nemi inuwa. Amma in na ji mutum ya yi magana sau ɗaya, shi ke nan na ɗauke muryarsa, da tarinsa, da yadda yake jefa ƙafa. Masunta na bakin tafki sukan ba ni kifi don in yi musu tafiyar kumandan, Bafaranshen da ke mulkin yankinmu. Kaina ya kumbura sosai a shekarun nan, ina ganin babu abin da bakina ba zai iya ba.

Ina da aboki da muka tashi tare, gidansu na jikin namu. Da aka zo ɗibar soja, shi ƙuri'a ta faɗa wa, aka tafi da shi. Shi ne ɗan farin uwarsa, kuma kun san yadda abin yake a wurinmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cewa "ɗana", ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. In dole ta kama, sai ta ce "wancan". Ranar da aka tafi da shi mata suna ta kuka, ita tana sussuka kamar ba a yi komai ba. Shekara biyu ba ta taɓa tambayar kowa labarinsa ba.

Sai dai duk bayan 'yan kwanaki takan aiko a kira ni, wai dangarta ta faɗi. Dangar kuwa tana tsaye lafiya lau. Ina shiga sai ta juya mini baya, ta ɗauki mazarinta tana kaɗi, ta ce in yi shashancin nan nawa ta ji. Na san abin da take so. In yi mata maigari, in yi mata mahauci, sannan a ƙarshe in yi gyaran murya irin na abokina in ce, "Inna, da sauran hura?" in bi da wata 'yar dariya da yake fitarwa ta hanci. Ita kuma ta ce ba ni da aikin yi, ta tura mini ƙwaryar fura ba tare da ta waiwayo ba. A lokacin ina ɗauka furar ce ladan wasana. Ban gane ba ni ake ba wa ba.

Da kaka ta yi aka shigar da gero, samari suka shirya wasan kara kamar kowace shekara. Da karan dawa ake ƙera komai, bindigogi, keke, har da motar kumandan, a raba matsayi, wani ya zama sarki, wani alƙali, a kwaikwayi manya su ma suna zaune suna dariya. Ni na zaɓi in fito a sojan da ya dawo gida, kuma sarkin samari ya riga ya shelanta wa gari cewa abokina zan yi. Na sami jar hula irin ta soja, na kwana uku ina gyaran bindigata.

Bayan la'asar dandali ya cika, har daga Safo an zo. Ina bayan wata bukka ina ɗaure ɗamara sai baffan abokina, ƙanin mahaifinsa, ya kama hannuna ya ja ni gefe. Ya ce da safe takarda ta iso daga Maraɗi, abokina ya rasu a can wata ƙasa, zazzaɓi ne ya kashe shi. Dattawa sun yanke a riƙe maganar sai gobe, in wan uwar abokina ya iso daga Gabi, sannan a je da liman a faɗa mata. Ya ce in cire hular nan, ba a kwaikwayon mamaci.

Na leƙa dandali. Tana can bayan mata, ita da ba ta taɓa zuwa kallon wasa ba, ta ajiye faifan gyaɗa a gabanta, ta ba fili baya kamar ciniki ya kawo ta. Na ce wa baffa in ban fito ba yanzu, ta gane ke nan, a tsakiyar mutane, ba wanta ba liman. Ya ce, "In ka iya riƙe kanka, to. In ba ka iyawa, kak ka soma." Na ce zan iya. Har zuciyata na yarda zan iya.

Aka buga ganga na shiga. Tafiyar ta fito daidai. Na sara wa kumandan na kara, na zuba wani Faransanci da babu Bafaranshen da zai gane shi, mutane suna riƙe ciki. Ina jin muryar abokina tana fita daga bakina, amma na daure. Sai na zo wurin da soja zai shiga gida. Na yi gyaran murya, na ce, "Inna, da sauran hura?" Muryar ta fito tsaf, ko rawa ba ta yi ba. Na buɗe baki in yi dariyar, ta ƙi zuwa. Na yi maza na buga ƙafa na wuce zuwa wani abin, taro ya ci gaba da shewa, babu wanda ya lura. Da na saci kallo na ga ta rufe faifanta, ta ɗora a ka, ta tafi.

Kafin magariba ta aiko a kira ni. Wannan karon ba a ambaci danga ba. Na same ta zaune ba mazari a hannunta, kuma tana fuskantata, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ka bar dariyar," in ji ta.

Na ce mantuwa ce, Inna, hayaniya ta yi yawa.

"Shekara biyu kana yi, ba ka taɓa mance ta ba. Yaushe takardar ta zo?"

Ni mai bakin mutum ɗari, sai na sunkuyar da kai. Na durƙusa na fashe da kuka kamar yaro. Ta yi salati a hankali. Sannan ta jawo ƙwaryar fura, ta dama da hannunta, ta miƙo mini.

"Sha," ta ce. "Ɗana ya tambaya. Ba ni barin shi da ƙishirwa."

Tunda nake ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba sai ranar. Na sha furar ina haɗiye ta da hawaye, ta zauna tana kallona har na shanye. Da dattawa suka zo washegari sun tarar ta share tsakar gida ta shimfiɗa tabarmi.

Na ci gaba da wasa shekaru da yawa bayan nan, har lokacin da majigi ya fara zuwa garuruwanmu, amma ban sake yin muryarsa ba, ita ma ba ta sake nema ba. Dangarta dai na riƙa gyarawa da gaske har ta rasu. Abin da ranar ta koya mini shi ne, mai kwaikwayo yana iya ruɗin gari guda, amma ba ya ruɗin wanda yake saurare da ƙauna. Kuma duk muryar da ka ara don a yi dariya, ka riƙe ta da mutunci, domin a bayan taro akwai wadda ta juya baya tana jira, ita ba dariya ta zo yi ba.