Takardun Litinin na Sista Rabi

Ina tsaye a fili da usur a bakina aka zo aka ce mini Sista Rabi ta rasu da asubar yau. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce ma'aikaciyar jinya a makarantar 'yan matan da nake koyar da wasanni a nan Daura. Shekara tara muna aiki tare.

Ban daɗe da dawowa daga gidan rasuwar ba, na tarar har an fara rubutu a shafukan sada zumunta, wai baiwar Allah ce da ba ta da abokin faɗa. Ku daina yi wa mamaciya ƙarya. Tana da abokiyar faɗa, ni ce.

Kishinta na yi shekara tara, kuma ko yanzu da ƙasa ta rufe ta bai sake ni ba.

Ni na bi gidaje daga Kongolam har Baure ina roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su yi gudu, lokacin da kowa ya noƙe bayan zuwan Shari'a. Ni na yi alkawarin dogon wando da hijabi, kuma babu namijin da zai leƙo filin. Ni nake shan rana, ita tana zaune ƙarƙashin fanka. Amma da yarinya ta ci tsere sai ta wuce ni ta je ta rungume ta. Ni Malama, ita Umma.

Duk ranar Litinin takan raba wa 'yan wasa fom su cike, don ta gano ciwon da yawan atisaye ke sa wa jiki a hankali. Da farko daga littafi ta kwafo tambayoyin. Kina jin ciwo? Ciwon ya rage miki gudu? Yara duka suka rubuta lafiya lau.

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Sista, wace 'yar mutunci ce za ta ce wa babba gwiwarta na ciwo? Balle 'yan Fulanin nan da ko ƙaya suka taka ba za ki ji ba."

Ta ce, "Kin fi ni gaskiya." Wannan amsar ta fi zagi ƙona mini rai.

Mako na gaba ta zo da wasu tambayoyin. Sau nawa kika yi sallah a zaune a makon nan? In kin zauna tahiya, akwai ƙafar da kike miƙewa? Kin iya jawo guga har bakin rijiya? Kwana nawa zazzaɓi ya hana ki cin tuwo?

Ta ce da ni, "Yarinya za ta ɓoye miki ciwo, amma ba za ta yi ƙarya a kan sallarta ba."

Ni ce mai digiri. Ni na karanta littattafan motsa jiki har idona ya mutu. Dabarar nan a kaina ya kamata ta sauka, sai ta sauka a kan matar da ko tseren buhu ba ta taɓa yi ba.

Ga kuma alherinta da ya hana ni tsanarta yadda nake so. Kullum na dawo daga fili akwai ruwan randa da ta ajiye mini. Da Innata ta kwanta ciwo, kwana goma tana hawa acaɓa ta zo ta yi mata allura. Godiyar da na yi mata ko rabin baki ba ta kai ba.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce muka rabu, kuma a kan Sa'adatu ne. Yarinya ce 'yar Baure, mai gudun mita ɗari takwas, ban taɓa horar da kamarta ba. Ranar Asabar ɗin nan za ta wakilce mu a gasa a Katsina.

Sista ta same ni a ɗakin malamai ta ajiye fom uku a gabana.

"Malama Binta, mako uku yarinyar nan tana sallah a zaune."

"Ai a tsaye take gudu. Na tambaye ta da bakina, ta ce lafiyarta ƙalau."

"Ke ma da ƙafarki za ta karye haka za ki ce."

"To likitar takarda, shekara huɗu ina gina yarinyar nan, ki rushe mini da biro?"

"Kofi akwai wani baɗi. Gwiwar fa, a wace kasuwa za ki sayo mata?"

Na tura mata takardunta na ce sunan Sa'adatu ya riga ya tafi Katsina.

Aka kira azahar. Ta jawo kujera ta yi sallarta a zaune. Na gani da idona. Da ta sallame na ce, "Ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Na karɓa na fita, domin fushi nake yi. Ni da na fi kowa sanin darajar wannan amsar.

Ɗazu na tarar da Sa'adatu a bakin ɗakin shan magani tana kuka. Na ce ta durƙusa in gani. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ba zan iya ba." Karo na farko ke nan da ta gaya mini gaskiya, shi ma don babu Ummanta ne.

Na shiga ofis na ce a cire sunanta. Shugabar makaranta ta ce wa ya ba ni wannan shawara ana saura kwana kaɗan. Na ce Sista Rabi. Ba kofi bana, kuma ita ta ci gardamar, kamar kullum.

Ya Allah, baiwarka Rabi ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka saka mata da kowace gwiwa da ta tsare wa 'ya'yan mutane. Ni kuma ka yafe mini abin da na gani na kau da kai.

Wanda ya karanta ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In da saura a bakinku, ku roƙa wa Sa'adatu lafiya.